Tashar Daddara: Wa Zai Hau Jirgin, Wa Za a Bari da Hayaƙi?

A jerin tashoshin da aka zana wa layin dogon Kano zuwa Maraɗi akwai sunayen da kowa ya sani: Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya. Akwai kuma Daddara. Wanda bai taɓa bin hanyar Jibiya ba sai ya tambaya ina ne nan. Gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Jibiya, a bakin kwaltar da ta fito daga birnin Dikko ta nufi Magama, inda ƙofar Najeriya da Nijar take. Daga Magama sai Ɗan Isa, daga Ɗan Isa sai Maraɗi. Yawancin motocin da ke bin hanyar ba abin da ya haɗa su da Daddara illa su rage gudu in sun iso shinge, su bar wa mutanen gari ƙura da hayaƙi, su ƙara gaba.

Ranar 9 ga Fabrairun 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan dala biliyan 1.96. Tsawonsa kilomita 284 ne, ban da reshen da zai tashi daga Kano zuwa Dutse. A lokacin an yi ta ka-ce-na-ce, musamman daga Kudu, kan dalilin da za a ci bashi a kai wa wata ƙasa dogo. Bakatsine bai ga abin mamaki ba. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa Maraɗi, har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa, kuma da wuya ka sami zuri'a a Jibiya da ba ta da dangi a tsallake. Gero da wake da dabbobi sun daɗe suna bin wannan hanya tun kafin Turawa su ja layi a takarda.

Akwai wata fuskar aikin da hayaniyar siyasa ta rufe. A Nuwamban shekarar, a taron sauyin yanayi na birnin Gilasgo, Buhari ya yi wa duniya alkawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita iskar da take fitarwa mai ɗumama duniya da wadda take iya shanyewa, ya dawo gida ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Alkawarin ba zai cika ba sai an taɓa sufuri, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da duniya ke fitarwa ta hanyar ƙona makamashi daga ababen hawa take fitowa. A manyan otal-otal na Abuja, in an zo wannan magana, motar lantarki mai ƙyalli ake nunawa a allo. A hanyar Jibiya maganar daban take. Mafi yawan hayaƙin da ake shaƙa a nan na talauci ne da na ɓata lokaci, kuma duk dokar da aka kafa kan mai ko kan hanya a 'yan shekarun nan, mai ƙaramin ƙarfi ne ya fara biyan kuɗinta.

Inda hayaƙin ke fitowa

A dubi motocin tukuna. J5 da aka yi wa lodi har ta durƙusa, Golf da Sharon masu ɗaukar fasinja biyu a kujerar gaba, tirelolin DAF da suka gama aiki a Turai tun direbobinsu na yanzu suna makarantar allo. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a Oktoban 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kaso mafi tsoka Afirka ya zo. Da yawa daga cikin waɗanda suka iso Arewa ta Kwatano suka sauka, suka ratso Nijar. Najeriya ta hana shigo da mota ta kan tudu daga 1 ga Janairun 2017, amma wanda ya san iyaka ya san hani ba ya rufe daji. Motar kuma in ta iso, sau da yawa an riga an farke salansarta an zare matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Mai mota zai ce ai tana tafiya lafiya. Tana tafiya, sai dai abin da aka zare shi ne ke rage dafin da ke fita ta baya.

Sai man kansa. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta tona yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa wa Afirka ta Yamma mai na musamman, mai ɗauke da sinadarin farar wuta da ya ninka abin da dokar Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. A Turai iyakar kashi 10 ce cikin miliyan, a Najeriyar wancan lokaci dokar dizal ta yarda har 3,000. Farar wutar nan ita ce ke ƙara baƙin hayaƙi mai ƙananan ƙwayoyin da ke shigewa can cikin huhu, kuma ita ce ke kashe matatar salansa ko da ba a zare ta ba. A Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka amince a sauko da ita zuwa 50, a kuma sa wa motocin da ake shigowa da su iyakar shekaru. Shawara ce mai kyau. Sai dai daga 29 ga Janairun 2025 Nijar ba ta cikin ECOWAS, kuma a bakin iyaka ba wanda ke gwada abin da ke cikin kwalbar ɗan bumburutu.

Abu na uku ba a cika sa shi a lissafi ba, kuma a ganina shi ya fi sauƙin gyara da za a so: tsayuwa. Tsakanin Katsina da Magama tafiya ce da bai kamata ta kai awa guda ba, amma shekara da shekaru direbobi da 'yan kasuwar Jibiya suna kuka da yawan shingaye, na kwastam, na 'yan sanda, na sojoji, na shige da fice. Tsaro gaskiya ne a wannan yanki, ba mai hankalin da zai ce a kwashe jami'ai. Amma kowane shinge taka birki ne, tsayuwa ce da inji a kunne, sannan a sake figar mota mai nauyi daga tsaye, wanda a nan ne tsohon injin dizal ya fi tunkuɗo baƙin hayaƙi. Wanda ba ya son tsayuwar kuma sai ya faɗa hanyar daji, ya ƙona ninkin man da zai ƙona a kan kwalta yana fama da rairayi. Kuɗin da aka miƙa ta taga da man da aka ƙona a banza duk a kan buhu suke komawa, mai sayen kwano ɗaya ya biya.

Wa ke shaƙa? Ba mai babbar mota da ya ɗaga gilashi ya kunna sanyi ba. Mai faci ne da ke zaune a bakin kwalta tun safe, da yarinya mai tallar gyaɗa da ke bin tagogi, da mai shayi, da ɗan acaɓar da fuskarsa ke daidai da salansar tirela, da jami'in da ke tsaye a shingen shi kansa. In hunturu ya shigo, hazo ya sauko ya danne hayaƙin a ƙasa, sai tari da asma su tashi, a ce sanyi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi.

Ta fuskar ɗumamar duniya kuwa, lissafin a fili yake: litar fetur ɗaya in ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kimanin 2.7. Amma a faɗi gaskiya, Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan iska, ballantana Daddara. Abin da ke isowa nan shi ne sakamakon: damina mai rikici, zafin bazara mai kwantar da mutane, da ruwa mai sauka a dare ɗaya. Mutanen Jibiya ba su manta da Yulin 2018 ba, lokacin da ambaliya ta ci sama da mutum 40 ta rusa ɗaruruwan gidaje. Gini a kan hanyar ruwa ya taimaka wa ɓarnar, amma irin wannan mamakon shi ne abin da masana ke cewa zai yawaita a Sahel. Don haka in za a yi wa ɗan Daddara wa'azin rage hayaƙi, kada a fara da ceton duniya, ba shi ya ɓata ta ba. A fara da huhunsa da aljihunsa.

Shekarun jarka

Wanda yake son ya gane dalilin da ya sa mutanen iyaka ke ɗari-ɗari da duk wani sabon tsari, ya bi abin da ya same su daga 2019. A Agustan shekarar gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. A Nuwamba hukumar kwastam ta hana kai fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Abuja wannan dabara ce ta toshe ɓarakar tallafi. A Jibiya da Magama ma'anarta ita ce gidajen mai sun zama kufai, kuma mai injin niƙa da mai ban-ruwa a gefen madatsar Jibiya da mai kai mara lafiya asibiti duk sun koma hannun 'yan bumburutu, suna sayen man ƙasarsu da tsadar da ɗan Abuja bai taɓa saye ba. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disambar 2020 ba a sa Jibiya ba, sai a Afrilun 2022.

Ana cikin haka matsalar 'yan bindiga ta ƙazanta. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita man da za a ba mota a ƙananan hukumomin da ke bakin daga zuwa na naira 5,000, ta hana hawan babur da dare, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni har da ta Jibiya. Bayan haka aka katse layukan waya. Manufar ita ce a yanke wa ɓarayin daji mai, tunda a kan babur suke yawo. Amma babur ɗin da ɓarawo ke hawa shi ne dai wanda ake ɗora mai naƙuda a kai daga ƙauye zuwa bakin titi.

Sai 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wata biyu bayan jawabin, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Yamai, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024.

Alƙaluman hukumar da ke kula da rarraba mai sun nuna fetur ɗin da ake fitarwa kullum a Najeriya ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da 50 bayan cire tallafin. Mai lissafin iskar kabon zai yi murna da wannan, kuma masana sun daɗe suna cewa tallafin mai masu motoci da manyan 'yan fito ya fi amfana. Ba su yi ƙarya ba. Amma a tambayi yadda man ya ragu. Wani ɓangare fasa-ƙwauri ne ya mutu, har a Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen man Nijar, domin matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ba ta iya cike gurbin da man 'yan ruwa-ruwa ya bari. Wani ɓangaren kuwa mutane ne suka daina tafiya. Malamin makaranta ya jingine babur, an rage zumunci, mara lafiya ya haƙura da zuwa Katsina ya sayi ƙwaya a shago. Hayaƙi ya ragu, ba don an sami abin hawa mafi tsabta ba, sai don talaka ya zauna a gida. In wannan ne ake nufi da gyara, ba a bukatar injiniya.

Kafin a bar zancen mai, a tuna yadda yake isowa. Matatar Kaduna ta yi shekaru ba ta aiki, bututun da aka shimfiɗa zuwa Kano da Gusau sun zama tarihi, don haka litar da ake sha a Katsina a bayan tanka take tahowa daga bakin teku, tafiyar sama da kilomita 1,000, ana ƙona dizal don a kawo fetur. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda tankar da ta kife ta kama wuta ta ci sama da mutum 150, yana cikin farashin wannan tsari, ko da ba a rubuta shi a jikin famfo ba.

Babur ya taɓa canzawa

Masu cewa mutanen karkara ba sa karɓar sabon abu ba su lura da tashar acaɓa ba. Shekaru ashirin da suka wuce Jincheng ce ke mulki, mai injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, tana tafe tana barin shuɗin hayaƙi. Ba wata doka da ta kore ta daga ƙauyuka. Bajaj ce ta zo da injin da ba ya shan mai sosai, 'yan acaɓa suka yi lissafi, suka sauya. Haka aka gani bayan 2023 a fadamu, inda manoman rani suka riƙa mayar da injin ban-ruwa kan tukunyar gas ko suka sayi farantan sola. Ba wanda ya yi musu lacca kan sauyin yanayi.

A ɗauka ɗan acaɓa yana ƙona lita 4 a yini. Kafin cire tallafi bai kashe naira 800 ba, da lita ta kai 1,000 sai ya zama 4,000, kafin ya cire balas ɗin mai babur, kafin ya kai cefane gida. Lita huɗun nan kuma sun haura kilo 9 na iskar kabon, wato kimanin tan 3 a shekara daga babur ɗaya. Wannan lissafin ne ya sa babur mai batir ya kama ƙasa a wasu wurare. A Kigali kamfanin Ampersand ya kafa rumfunan musayar batir: ka kawo wanda ya ƙare, a ba ka cikakke cikin 'yan mintuna, ka biya kuɗin caji kawai. Daga Janairun 2025 ma Ruwanda ta daina yi wa sabon babur ɗin haya mai fetur rajista a birnin. Kamfanin Spiro na yin irin haka a Binin da Togo. Misalin da ya fi kusa da halin Daddara shi ne na ƙauyen Gbamu-Gbamu a jihar Ogun, inda kamfanin MAX ya gwada baburan lantarki da ake caji daga ƙaramar tashar sola ta gari, ba tare da jiran wutar gwamnati ba. A Arewa ma ba baƙon abu ba ne: a Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu amfani da batir, kuma a Disambar 2023 gwamnatin Borno ta fito da tasi masu lantarki.

Rashin jiran wutar gwamnati shi ne gaba da komai. Wanda ya ga yadda Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ba zai ɗora abincinsa a kan wayar kamfanin rarraba wuta na KEDCO ba. Katsina kuma tana da nata darasin a Lambar Rimi, inda fankokin iska 37 da aka ƙudura tun zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa don samar da megawat 10 suka shafe shekaru ana ɗaga ranar gama su. Babban aiki mai jiran Abuja yana da saurin tsufa. Rumfar sola a bakin tasha, mai farantai da batura goma ko ashirin, abu ne da ɗan kasuwa ɗaya ko ƙungiyar 'yan acaɓa za su iya riƙewa. Rana kuwa, ba a yi wa Katsina rowarta ba.

Akwai wata riba da ta keɓanta da yankin iyaka. Babur mai batir ba ya bukatar jarka. Doka irin ta kilomita 20 ba za ta shafe shi ba, ƙayyade mai ba zai shafe shi ba, kuma cajinsa ba ya tsallaka iyaka a ɓoye. Ga jami'in tsaro ma ya kamata ya fi kwanciyar hankali, tunda batir ɗin musaya yana da lamba, ana sanin wanda ya karɓa da inda ya mayar, kuma ba ya kai mutum can ƙuryar dajin Rugu ya dawo. Sai dai a tuna cewa a 2021 har sana'ar cajin waya sai da aka hana a ƙananan hukumomi da dama. In ba a zauna da hukumomin tsaro tun farko ba, wata rana da safe za a iya wayar gari an rufe rumfunan, an bar matasa da bashin babur ɗin da ba ya motsi.

Matsalolin ba su ƙare a nan ba. Zafin Afrilu yana rage wa batir kwana. Rairayi da lodin buhu biyu suna shanye caji da wuri. Makanikan garin sun san kafireta, ba su san waya da na'ura ba, sai an koya musu, in ba haka ba sabon abu ya zo ya raba su da sana'a. Kuɗin saye ya fi na Bajaj, don haka in ba a sami tsarin biya sannu-sannu da babu ruwa a ciki ba, wanda malamai da jama'a za su natsu da shi, masu kuɗi ne za su saye su ba da haya, ribar rashin sayen mai ta tsaya a aljihunsu. Sannan mataccen batir ina za a kai shi? Tuni ake fasa tsofaffin batiran sola da na mota a bayan gari don a ciri dalma. Yankin da ya ga yadda gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010 bai kamata a sake yi masa sakaci da irin wannan ba.

Ita kuwa iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023, ta fi fetur arha da tsabta, amma ita ma daga ƙasa ake haƙo ta, rage hayaƙi take ba kawar da shi ba. Sauya mota ɗaya yana cin ɗaruruwan dubban naira, kuma bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, da aka fara a Yunin 2020, a Kano iyakarsa take. Direban Jibiya ba zai sa tukunyar da sai ya yi doguwar tafiya kafin ya cika ta ba. Ga motocin hukumar sufuri ta jihar Katsina, KTSTA, masu zirga-zirga tsakanin manyan garuruwa tana iya yin amfani.

Abin da ba a faɗa a taruka shi ne cewa yankin nan ya yi asarar sufurin da ba ya hayaƙi ko kaɗan. Amalanken shanu ne ke kai taki gona ya kwaso amfani, jaki ke kai kaya kasuwa. Satar shanu ta raba manoma da bijiman huɗa, wanda bai rasa nasa ba ya sayar don tsoro. Jakai kuma cinikin fatarsu zuwa Sin ya cinye su, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka ta bi sahu da haramta cinikin fatar a 2024. Duk kayan da dabba ta daina ɗauka, babur ko Keke Napep ne ya ɗauka, da mai mai tsada. Zaman lafiyar da zai mayar da shanu turke shi ma aikin rage hayaƙi ne.

In jirgin ya iso

Dogo ya isa Kano a 1911, reshensa ya bi ta Funtuwa ya kai Kauran Namoda a 1929, amma birnin Katsina bai taɓa jin kukan jirgi ba. Nijar ma haka: layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a 2016, bai yi jigilar da aka yi shi dominta ba. Shekara ɗari ke nan duk abin da ke tsakanin Kano da Maraɗi a kan taya yake tafiya.

Masu aikin sun ce layin zai ɗauki sama da fasinja 9,000 da kaya kimanin tan 3,000 a kullum. Tirela ɗaya tan 30 take ɗauka, wato buhun siminti 600. Ke nan tirela ɗari ce za ta iya sauka daga kwalta kowace rana. Jirgin da dizal zai yi aiki, ba lantarki ba, amma ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta cin ƙarfi kamar taya a kan kwalta, shi ya sa jirgin kaya ke kai tan ɗaya da kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na man da mota za ta sha. Babu wani mataki guda da zai rage hayaƙin wannan hanya kamar wannan. Wa'adin farko na wata 36 ya daɗe da wucewa, amma wanda ya bi ta Kazaure da Daura ya ga gadoji da tudun ƙasar da aka tayar.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Tasha a takarda daban, jirgi ya tsaya daban. Hukumar jiragen ƙasa za ta iya ganin cewa tsayawa a ƙananan tashoshi ɓata lokaci ne, ta riƙa wucewa daga Katsina sai Jibiya, ko ta tsaya sau ɗaya a lokacin da bai dace da mai zuwa asibiti ko kasuwa ba. Za ta iya tsara jigilar kaya don manyan 'yan kasuwar Dawanau masu cika tarago, ta manta da mai buhu biyar na wake. Layin Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, ya nuna yadda abin kan kasance: da hanyar mota ta zama ta masu garkuwa, sai manya suka cika jirgi, tikiti ya koma hannun 'yan cuwa-cuwa, talaka ya koma kwalta. Sannan harin 28 ga Maris na 2022 ya tsayar da jirgin wata takwas. Layin da zai ratsa Jibiya ba a bukatar a tuna wa kowa cewa sai an tsare shi.

Akwai kuma waɗanda jirgin zai taɓa wa tukunya. Tirela ɗari direba ɗari ne da yaran mota, da 'yan kamasho, da 'yan lodi, da masu abinci da masu faci a kowane zango. Ba dalili ba ne na ƙin jirgi, amma dalili ne na kiran ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaɓa teburi tun yanzu. Aikin da jirgi ba zai iya ba yana da yawa: ɗauko kaya daga ƙauyuka zuwa tasha, da rarraba wanda aka sauke. Gajeriyar tafiya ce mai dawowa wuri ɗaya, irin wadda ta fi dacewa da babur da keke masu batir. Da za a rufe saman tashar Daddara da farantan sola, a ware wa ƙungiyar masu haya rumfar musayar batir a harabarta, a ba 'ya'yan waɗanda layin ya ci gonakinsu fifiko a aikin, da an haɗa gyaran biyu a wuri ɗaya. Jami'ar Sufuri ta Tarayya tana nan Daura, a kan layin, in ana neman inda za a horar da makanikan.

Saura batun iyakar kanta. Jirgi zai tashi daga ƙasar da ke cikin ECOWAS ya sauka a wadda ta fice, kuma tun 2019 ƙofar Magama ta sha rufuwa na watanni da shekaru bisa shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai. Ɗan kasuwa ba zai bar direban da ya san hanyar daji ya koma jirgi ba sai ya tabbata cewa za a duba kayansa sau ɗaya, a tasha ɗaya, a kan kuɗin da aka rubuta, jami'an ƙasashen biyu suna zaune a ɗaki guda. Wannan yarjejeniya ba aikin Mota-Engil ba ce, aikin gwamnatocin biyu ne, kuma ya kamata a gama ta kafin a ɗaura ƙarfen ƙarshe tsakanin Jibiya da Maraɗi.